Adashin Ganye: Yadda Maƙwabta Za Su Taimaki Mai Juna Biyu Da Lambun Buhu

  

Idan kina zuwa awo kin san yadda ake yi. Bayan an auna nauyinki da bugun jininki, nas za ta ja fatar idonki ta ƙasa ta duba, ta kalli tafin hannunki, wani lokaci kuma a tura ki ɗakin gwaji a ɗebi jini. In sakamako ya nuna jinin ya yi ƙasa, sai a ba ki ƙwayar ƙarin jini, a ce ki riƙa cin ganye da wake da kifi da 'ya'yan itatuwa. Ke kuma ki ce to, ki fito kina lissafin kuɗin cefanen da aka bar miki da safe. Mu ma'aikatan asibiti mun san da wannan lissafi. Faɗar "ki ci ganye" ba ta da wuya, amma samunsa kullum har wata tara, a gidan Fagge ko Sabon Gari inda tsakar gida ba ta wuce shimfiɗar tabarma uku ba, sai an yi dabara.

Dabarar da muka kawo miki a wannan fitowa ita ce ta haɗa kai da maƙwabta. Kowane gida ya shuka abu ɗaya ko biyu a cikin buhu, sannan a riƙa musaya, ta yadda ba za a wayi gari tukunyar mai ciki ba ta da koren ganye ba.

Me ya sa muka damu da jininki?

Daga lokacin da ciki ya shiga, jinin jikinki yana ƙaruwa har ya kusa ninka rabin yadda yake a da, domin ya ciyar da ke da abin da ke cikinki. Ba a ƙera jini sai da sinadarin ƙarfe da folik asid. A tsawon ciki ɗaya, jikin mace yana buƙatar kimanin miligiram 1,000 na sinadarin ƙarfe. Idan abinci bai kawo shi ba, jariri zai ɗebi na jikinki, ke kuma a bar ki da jiri da kasala da haki da bugun zuciya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk mai cikin da ma'aunin jininta, wato himogulobin, ya gaza 11 a wata uku na farko ko na ƙarshen ciki, tana da ƙarancin jini. In ya gaza 7 kuwa, abin ya yi tsanani. Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano cewa kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu suna da ƙarancin jini. Wato idan mata goma suka zauna a benci suna jiran awo, shida daga cikinsu suna cikin wannan hali, da yawa ba su ma sani ba.

Haɗarin yana bayyana ne ranar haihuwa. Kowace mace tana zubar da jini in ta haihu. Mai isasshen jini takan jure, ta tashi ta rungumi ɗanta. Wadda ta shiga naƙuda da ɗan kaɗan, zubar da wata za ta jure ita tana iya kai ta ga halaka. Ƙarancin jini yana kuma jawo haihuwar bakwaini da haihuwar jariri marar nauyi. Shi ya sa ba ma gajiya da maganar abin da ke shiga tukunyarki.

Masana abinci sun kasa abinci gida goma: hatsi da dangin doya da dankali, wake, gyaɗa da riɗi, nono da madara, nama da kaji da kifi, ƙwai, koren ganye, kayan lambu da 'ya'yan itace masu launin ja ko ruwan ɗorawa irin su kabewa da karas da mangwaro, sauran kayan lambu irin su tumatir da albasa da kuɓewa, sai sauran 'ya'yan itace irin su lemo da gwaiba. Ana so mace ta ci daga gida biyar, ko fiye, a kowace rana. Duba da kyau za ki ga huɗu daga cikin goman nan lambu ne ke ba da su. In kika haɗa da tuwon da dama kina ci, kin cika biyar ke nan.

Noma a cikin gari ba baƙon abu ba ne a Kano

Kada ki ji an ce lambu ki zaci aikin mutanen ƙauye ne kaɗai. Lokacin da matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya tarar da gonaki masu faɗi a cikin ganuwa. Har zuwa shekarun 1960, masu bincike sun rubuta yadda jakuna ke fita da takin birni, wato toka da kashin dabbobi da shara, zuwa gonakin da ke kewaye, su dawo da itace da amfanin gona. Gari yana ciyar da gona, gona tana ciyar da gari.

Ita kanta Fagge zango ce ta fatake tun asali, inda ayarin Azbinawa ke sauka a wajen ganuwa da gishiri da dabino su koma da hatsi da tufafi. Sabon Gari kuwa an kafa ta a wajajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta zama mazaunin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da ma wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Unguwanni biyun nan a kan ba-ni-in-ba-ka aka gina su.

Gwamnati ma ta taɓa yin kira ga wannan aiki. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, inda aka buƙaci kowane gida da kowace makaranta su yi ɗan lambu. A wasu ƙasashe an ci gaba da abin har yau. A unguwar Kibera ta birnin Nairobi a Kenya, inda cunkoso ya fi na Sabon Gari, dubban gidaje suna shuka ganye a buhu a bakin ƙofa.

Abin da ya sa maganar ta dawo yanzu shi ne tsada. A 2016 ƙwaron nan da manoma ke kira sharon ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har tumatir ya gagari talaka. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon kaya daga Kura da Kadawa zuwa kasuwar 'Yan Kaba ya tashi, ya kuma sauka a kan mai cefane. A watan Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya haura da fiye da kashi 40 cikin 100 a kan na shekarar da ta gabata. Idan kuɗi ya yi kaɗan, ba a rage tuwo, ganye da 'ya'yan itace ake fara yankewa, su ne kuwa mai ciki ta fi buƙata.

Ruwan da ganye ya sha

Akwai dalili na biyu. Rafin Jakara ya ratso birni ya bi ta gefen Fagge da Sabon Gari ya nufi arewa maso gabas, inda ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai. A bakin waɗannan rafuka, kamar a Kwakwaci, manoma sun daɗe suna noman latas da alayyahu da karas da kabeji da rani. Mutane ne masu neman halalinsu, ba su suka gurɓata ruwan ba. Sai dai ruwan yana ɗauke da na kwatoci da na masai da na mayanka, kuma binciken jami'o'i ya sha nuna ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da ƙarafa masu guba irin su dalma a ruwan da ƙasar wasu wuraren.

Dafuwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da dalma, wanki ma ba ya fitar da ita duka, kuma tana ratsa mabiyiya ta isa ga jariri. Ɗanyen latas ko kabejin da ba a wanke da kyau ba yana iya kawo gudawa da taifot da kwalara. A 2021 annobar kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Ba cewa muke ki daina sayen ganye a kasuwa ba. Ganyen kasuwa da aka wanke aka dafa ya fi rashin ganye nesa ba kusa ba. Amma wanda aka shuka a gidanku ko gidan maƙwabciyarki, kin san ƙasar da ya fito da ruwan da ya sha.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Mata da yawa sun taɓa gwada shuka a gida suka bari. Dalilin kusan ɗaya ne. Buhu biyu na alayyahu za su ba ki miyar kwana uku ko huɗu, sannan ki zauna jiran ya sake tohowa. Kafin nan gwiwa ta yi sanyi, akuya kuma ta ƙarasa sauran. Gida ɗaya ba shi da filin da zai shuka abu shida, ba shi da ruwan da zai ba su.

To amma kin san adashi. Kowa tana zubi kaɗan-kaɗan, kwasa kuma tana zagayowa. Haka za ku yi da ganye. A ce gida biyar ne a layinku, ko ɗaki biyar a gidan haya ɗaya. Gida na farko ya shuka alayyahu yau, na biyu bayan mako ɗaya, na uku bayan mako biyu, haka har a zagayo. Tunda alayyahu yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, duk mako akwai gidan da nasa ya isa, sai a raba wa sauran. Bayan alayyahun, kowane gida ya riƙe abu guda da ya dace da wurinsa. Mai fili a bayan ɗaki ta dasa zogale. Mai katanga doguwa ta sa ugu ko kabewa su hau. Mai rijiya ko famfo ta ɗauki lalo da yakuwa masu son ruwa. Mai awaki ko tumaki ta ba da taki. Mai kaji ta kawo ƙwai a ba ta ganye. Wadda ba ta da ko taku ɗaya na fili ta riƙe aikin shanya da adana iri.

Babu sabon abu a nan. Kakanninmu suna gayya a gona, iyayenmu suna aika yaro da kwanon tuwo gidan maƙwabta da magariba, kwanon kuma ba ya dawowa wayam. Matar da ba ta fita ma ba a bar ta a baya ba, domin yaron da ke kai kwano shi zai kai ɗaurin ganye in ya taso daga makaranta.

Don kada zumunci ya ɓaci, ku zauna tun farko ku yi magana a fili. Wa zai shuka me? Wace rana ake yanka? Da me ake awo, ɗauri ko kwano? In wata ta yi tafiya ko ta kwanta asibiti, wa zai ba shukarta ruwa? In gidan haya ne, a nemi izinin mai gida, a kuma zaɓi wurin da ba zai tare hanya ko wurin shanya ba. Sannan ku yarda a kan ƙa'ida ɗaya: mai ciki da mai jego su ake fara ɗebar wa, ko da zagayen bai zo kansu ba. Yau ke ce, baɗi wata ce. In an sami rara a sayar, a ajiye kuɗin don sayen iri.

Abin da ke gidan maƙwabciya

Zaman Fagge da Sabon Gari yana da wata riba da ba kowace unguwa ke da ita ba, domin miyar ƙasar nan kusan duka tana dahuwa a cikinsu. Lalon da kika sani shi Yarbawa ke kira ewedu. Shuwaka ita ce ewuro a wajensu, onugbu a wajen Ibo. Ɗaɗɗoya ita ce efirin. Maƙwabciyarki 'yar kudu ta san yadda ake shuka ugu, ta san cewa ƙwayarsa ba ta jure ajiya, da an fasa ƙwaryar sai a shuka ba da daɗewa ba, ta kuma san masu sayar da ita a kasuwar Sabon Gari da 'Yan Kura. Ke kuma kin san zogale da rama da tafasa, kin san yadda ake kwaɗa su da ƙuli-ƙuli. Ki ba ta reshen zogale ta ba ki irin ugu, kowa ta ƙaru da miya guda.

Ki nemi kuma dankalin Hausa mai jan ciki, wanda cikinsa ke da launin karas. Cibiyar binciken doya da dankali ta Umudike ta fitar da irinsa a 2012 da 2013. Yana da bitamin A mai yawa, wanda ke gyara gani da garkuwar jiki. Da yaɗonsa ake dasa shi, yana yi a buhu, yana nuna cikin wata uku zuwa huɗu, ganyensa ma ana miya da shi. In gida ɗaya ya samu, layi duka ya samu.

Yadda ake haɗa buhu

A sami buhun shinkafa ko na masara wanda ba a taɓa zuba maganin ƙwari ko siminti a ciki ba. Tsohon bokiti ko baho ko jarkar man gyaɗa da aka yanke su ma suna yi, in an huda gindinsu. A guji gwangwanin fenti da kwankon batir da jarkar baƙin mai.

A haɗa ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, da ɗan yashi in ƙasar mai danƙo ce. A ɗebo ƙasar daga gona ko wani wuri mai tsabta. Kada a ɗebo ta bola ko ta bakin kwata ko ta garejin makanikai. Sharar da jakuna ke kaiwa gona a da toka ce da kashin dabbobi, ta yau kuwa cike take da leda da batir da kwalba. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona shuka, yana kuma ɗauke da cuta, sai an tara shi an riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har kamar wata uku, ya yi baƙi ya daina wari.

A ajiye buhun inda zai sami rana ta awa biyar ko shida. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, a gauraya shi da yashi kafin a yayyafa, a rufe da ƙasa sama-sama. Cikin mako guda zai tsiro. In ya isa, a yanka a bar kamar tsawon yatsa, zai sake tohowa sau biyu ko uku. Kuɓewa tana fara 'ya'ya bayan kamar wata biyu. Zogale a riƙa sare kansa in ya kai ƙirji, don ya yi rassa kuma hannu ya kai.

Ruwa shi ne babbar matsala, musamman ga masu saye a wajen 'yan ga-ruwa. Ku riƙa tara ruwan alwala da na wankin shinkafa da na wankin ganye, a ba shuka da sassafe ko da yamma. Ban da ruwan omo da na bilic da na kwata. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don kada ta bushe da wuri. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin da ya fi sauƙin farawa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, a rage yawan buhuna a yi musu 'yar rumfa. Rarar damina a shanya ta a inuwa a kan tabarma mai tsabta, domin rana tana cinye amfanin ganye, a adana a mazubi mai murfi.

In ƙwari sun zo, a tsince su da hannu, ko a barbaɗa toka, ko a jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana a tace a yayyafa. Kada a fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a kan abin da za a ci, balle a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Daga buhu zuwa tukunya

Ki wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin ki yanka shi, domin in kika yanka sannan kika wanke, amfanin yana bin ruwa. Ki zuba shi a ƙarshen girki, ya yi 'yan mintoci ki sauke, kada ya dahu har ya yi baƙi. In kin tafasa zogale ko rama, ki rage yawan ruwan tun farko don kada ki zubar da rabin amfanin. Ki sa ɗan mai ko gyaɗa, saboda bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo.

Sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye da wake ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama da kifi. Abu biyu ke taimaka masa: ɗan kifi ko nama a miyar, ko da busasshe ne, da kuma abu mai bitamin C kamar lemon tsami da tumatir da tattasai da gwaiba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da matsin lemon tsami abinci ne na ƙwarai ga mai ciki. Haka miyar taushe da faten tsaki da dambu mai ganye. Shayi kuwa yana hana sinadarin shiga jiki, don haka ki bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci.

Ki rage kanwa. Tana sa ganye laushi da kore, amma tana kashe bitamin C da wasu daga dangin bitamin B, ga ta da gishiri mai yawa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Akwai kuma masu matse ɗanyen ugu su haɗa da madara su sha wai don ƙarin jini. Gara ki dafa shi a miya, domin ɗanyen yana iya ɗauke da cuta, madarar kuma tana rage shigar sinadarin ƙarfe.

Ki kula da kanki a wajen shuka

Buhun da ya sha ruwa yana da nauyi ƙwarai. Ɗaukarsa da janyo ruwa da hawa tsani zuwa saman bene ba aikinki ba ne yanzu. Kada ma a ɗora buhu a kan soron ƙasa ko rufin kwano. Naki shi ne yayyafa iri da tsinkar ganye, a zaune a kan kujera, da sanyin safiya.

Ki sa takalmi, domin akwai tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa ta riƙa shan jini a hanji. Ki sa safar hannu ko leda in za ki taɓa ƙasa, ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama. Kashin kyanwa yana ɗauke da wata cuta da ke iya lahanta jariri a ciki, saboda haka a hana kyanwa tona buhu. Ki tabbatar an yi miki allurar rigakafin sandarewar wuya, wato tetanus, a wajen awo. A rufe duk mazubin ruwa, kada kuma a bar ruwa ya kwanta a gindin buhu, don kada mu je neman jini mu tara sauron da zai shanye shi.

Ganyen zogale abinci ne, amma saiwarsa da ɓawonsa ba na mai ciki ba ne. Gwanda sai ta nuna sosai, ban da ɗanya mai ƙaro. Shuwaka da ɗaɗɗoya a ci su a miya, kada a matse ruwansu a sha a matsayin magani. Duk wani jiƙo ko tsimi da aka kawo miki, ki tambayi likita ko ungozomar asibiti tukuna.

Ganye ba ya hana shan ƙwaya

Nan ne muke so ki fi natsuwa. Ko da buhu ashirin gare ki, abinci shi kaɗai da wuya ya biya buƙatar mai ciki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kowace mai juna biyu ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da miligiram 0.4 na folik asid kullum. Folik asid ya fi amfani in an fara shi da wuri, ko ma kafin a ɗauki ciki, domin ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗuwa ne a cikin kwana 28 na farko.

Ƙwayar tana sa bahaya ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne. In tana tayar miki da zuciya ki sha da dare bayan abinci. In tana sa bahaya tauri, ganyen nan da ruwa mai yawa za su taimaka. Maganar cewa tana sa jariri ya yi girman da zai gagari haihuwa ba gaskiya ba ce. Ki ajiye ta inda hannun yara ba zai kai ba, domin guba ce a gare su in suka haɗiye da yawa. Mai sikila ko ciwon sukari ko hawan jini ta bi tsarin da likitanta ya ba ta.

Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna cinye jini. Ki kwana cikin gidan sauro mai magani, ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake bayarwa a wajen awo bayan ciki ya wuce wata uku. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa.

In kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko zazzaɓi, ko haki kina zaune, ko faya ta fashe, ko jariri ya daina motsi, a taho asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Kira ga maigida da iyaye

Malam, wannan aiki ba zai yiwu ba sai da kai. Kai za ka nemo buhu da ƙasa, ka yi shingen da zai tare akuya da kaji, ka yi magana da mazan layi da mai gidan haya. Asabar ɗaya ta gayya ta isa ku haɗa buhunan gida biyar. Kada kuma ka ga kore a tsakar gida ka rage kuɗin cefane. Abin da ganye ya rage maka, ka mayar da shi kifi da wake da ƙwai.

Hajiya, ku ne kuka san yadda ake shanya ganye da ajiye iri, ku kuka san dambu da kwaɗo. Ku koya wa yaran nan, ku kuma riƙa tambayar surukarku ko ta sha ƙwayarta yau.

Tunda kun riga kun saba zama a kan maganar ganye, ku ƙara magana ɗaya a zaman. Wa ke da mota ko a-daidaita-sahu da za a buga wa ƙofa in naƙuda ta zo da dare? Wa zai riƙe yara? Su wa za su iya ba da jini in an buƙata? A san amsar tun ciki yana wata bakwai.

Uwargida, ba sai kin jira komai ya haɗu ba. Ki fara da buhu ɗaya da maƙwabciya ɗaya a wannan mako. In kin zo awo na gaba, ki tambayi nas nawa ma'aunin jininki yake, ki sa a rubuta miki a kati, ki kwatanta da na wata mai zuwa.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa, Ya bar zumunci tsakaninku da maƙwabta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.